Aiki Ya Samu, Zama Ya Gagara: Sharhi a kan Wani Littafin Buchi Emecheta

Littattafan da a kan rubuta game da tafiya ƙasashen waje iri biyu ne. Akwai na wanda ya je ya gano ya komo, akwai kuma na wanda ya je ya zauna. Masu karatun Hausa sun fi sabawa da iri na farko, kamar Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta bayan da ya je Ingila a 1943 tare da waɗansu 'yan jaridu na Afirka ta Yamma. Su baƙi ne na gayyata, an shirya musu masauki tun ba su sauka ba, aka zaga da su wurare, da kwanakinsu suka cika suka komo gida. Irin wannan littafi yana da daɗi, yana kuma da amfani, amma ba ya gaya maka abin da mutum zai tarar in ya sauka da iyalinsa ba mai tarye, ga neman ɗakin haya, ga neman aiki, ga yara ba mai duba su. Wanda ke son sanin wannan sai ya nemi littafi iri na biyu. Cikin waɗanda 'yan Nijeriya suka rubuta kuwa, da wuya a sami wanda ya fi na Buchi Emecheta, mai suna Second-Class Citizen, wanda aka buga a Landan a 1974. Da Turanci aka rubuta shi. Ma'anar sunan, in za a faɗe ta da Hausar gida, ita ce ɗan bora, watau wanda gidan nasu ne, amma kullum sai ɗan mowa ya ƙoshi kana a tuna da shi.

An haifi wannan marubuciya a Ikko, watau Legas, a 1944. Iyayenta Ibo ne, mutanen Ibusa, wani gari kusa da Asaba. Ubanta ma'aikacin reluwe ne, ya rasu tana 'yar shekara tara. Ta yi aure tana da shekara 16, a 1962 kuma ta bi mijinta zuwa Landan inda ya ke karatu. Tana da shekara 22 suka rabu, ya bar ta da 'ya'ya biyar. Ta yi aiki a ɗakin karatu na babban gidan tarihin Ingila daga 1965 zuwa 1969, ta yi karatu har ta sami digiri a Jami'ar Landan, ta rubuta littattafai fiye da ashirin, ta rasu a Landan a watan Janairu na 2017. Littafin da mu ke magana a kansa an tsara shi kamar ƙagaggen labari, an sake sunayen mutane, amma duk wanda ya gwada shi da tarihin rayuwarta, wanda ta rubuta da kanta a 1986, zai ga yawancin abin da ke ciki a kanta ya faru. Mai ɗaki ce ke faɗin inda ɗaki ke yoyo. Wannan shi ne ƙarfin littafin, kuma za mu gani nan gaba daga nan ne rauninsa ya fito.

Labarin na wata yarinya ce wai ita Adah. Da aka haife ta ba a yi murna ba, gama namiji a ke sa rai. Aka sa ƙanenta makaranta aka bar ta gida, sai ran nan ta saci jiki ta tafi makaranta da kanta, ta shiga aji ta zauna. Bayan rasuwar ubanta aka kai ta gidan kawunta ta zama kamar baiwa. Da lokacin jarrabawar shiga babbar makarantar 'yan mata ya zo, ba mai ba ta kuɗin rajista, sai ta ɓoye sule biyu na cefane ta ce sun faɗi, ta sha bulala, ta biya, ta ci jarrabawa. Tun tana ƙarama ta ga irin taryen da matan garinsu suka yi wa wani lauya da ya komo daga Ingila, ta ƙudura a ranta ita ma sai ta je. Da ta gama makaranta ta auri Francis, wani saurayi mai koyon aikin akanta, ta kuma sami aiki mai albashi mai tsoka a ɗakin karatu na ofishin Amurka da ke Ikko. Da kuɗinta aka tura Francis Ingila karatu, da kuɗinta kuma ta bi shi daga baya cikin jirgin ruwa, ita da 'ya'yansu biyu.

To, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ta sauka Libaful cikin sanyi da hazo, da suka isa Landan kuma sai ta tarar ɗaki guda miji ya kama, ƙanƙane, ba wurin wanka, cikin wani gida cike da 'yan haya. Tun ba ta huta ba ya karanta mata dokar zaman wurin. Ya ce duk girman da ta ke da shi a Ikko, da barorinta da albashinta, ta sani ta bar su can, nan kuwa baƙin mutum ɗan bora ne, kada ta sa ran wani aiki sai irin na sauran matan gidan, watau ɗinkin riguna a ma'aikata.

A nan ne mai karatu zai zaci labarin zai zama na wahalar neman aiki, gama abin da kowa ya fi tsoro ke nan in zai bar gida. Sai ga shi ba haka ya kasance ba. Adah ta ƙi zuwa ma'aikatar riguna, ta rubuta takardun neman aiki irin wanda ta iya, ba a daɗe ba aka ɗauke ta a wani ɗakin karatu na arewacin Landan, a unguwar Finchley. Shugabarta wata mata ce mutuniyar ƙasar Cek, ita ma baƙuwa, ta karɓe ta hannu biyu. Daga baya da ta koma wani ɗakin karatun a unguwar Chalk Farm, can ma ta sami abokan aiki na kirki, har wani mutumin Kanada ya riƙa kawo mata littattafan baƙaƙen marubuta, irin su James Baldwin na Amurka. In ka duba littafin daga farko har ƙarshe, wuraren aiki su kaɗai ne inda Adah ke numfashi. Abin da ya ba ta aikin nan kuwa ilmin da ta sha bulala dominsa ne, da kuma ƙin da ta yi ta yarda da matsayin da miji ya yanka mata tun ba ta gwada ba. Marubuciyar ba ta tsaya yin wa'azi a kan wannan ba, ta bar mai karatu ya gani da idonsa.

Abin da ya gagara shi ne zama. Littafin ya nuna samun albashi daban, samun wurin da rai zai kwanta daban, ya kuma bi abubuwan da suka hana zaman ɗaya bayan ɗaya.

Na farko yara. A Ikko matar da ke zuwa aiki ba ta damuwa da wanda zai duba mata 'ya'ya, ga suruka, ga ƙannen miji, ga 'yan aiki. A Landan ba ko ɗaya. A zamanin nan ɗalibai da yawa daga Afirka ta Yamma su kan ba da 'ya'yansu riƙo ga Turawa, su biya kuɗi kowane mako, wani yaron ma a kai shi wani gari mai nisa, iyaye ba su ganinsa sai jifa jifa. Maƙwabtan Adah suka dame ta ta yi haka, ta ƙi. Francis ya zauna da yaran kwana kaɗan, da mutanen gidan suka fara yi masa ba'a sai ya ce shi ba ya iyawa. Aka sami wata Baturiya mai renon yini, ashe ƙazama ce, ba ta kula da su. Ran nan Adah ta je ba zato ta tarar da yaran suna wasa cikin shara a bayan gida. Ba a jima ba ƙaramin ya kamu da sanƙarau, aka kwantar da shi asibiti, da ƙyar ya tsira. Wannan babi shi ya fi kowane tsuma rai, domin an rubuta shi da fushin uwa, ba ado ba kwana-kwana.

Na biyu muhalli. Mai gidan da su ke haya ɗan Nijeriya ne, shi ya ba su takardar tashi, gama shi da matarsa da sauran 'yan haya sun ƙi jinin matar da ke aikin ofis, ta kuma riƙe 'ya'yanta a hannu. Suka shiga neman ɗaki, ga Adah da ciki. A lokacin masu gidaje su kan rubuta a fili cikin sanarwar haya cewa ba su son baƙar fata, ba kuwa dokar da ta hana, don sai a 1968 Majalisar Ingila ta yi dokar da ta haramta hana mutum haya ko aiki saboda launin jikinsa. Akwai inda Adah ta toshe hancinta ta yi magana ta waya don muryarta ta yi kama da ta Turawa. Mai gidan ta ce su zo, ɗaki na nan. Suka bari sai da dare ya yi suka je, da ta buɗe ƙofa ta gan su sai ta ce ai yanzun nan aka kama ɗakin. Mai karatu zai yi dariya ga toshe hancin, kafin ya kai ƙarshen shafi dariyar ta koma ciki.

Daga ƙarshe suka sami ɗaki a gidan wani tsoho ɗan Nijeriya da a ke kira Pa Noble. Wannan mutum ya zo Ingila ne tun da daɗewa don ya karanta shari'a, karatu ya gagara, kuɗi suka ƙare, ya koma ƙaramin ma'aikaci a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana wasan wauta Turawa abokan aikinsa na dariya. Ya ji rauni a wurin aiki, da diyyar da aka ba shi ya sayi wani tsohon gida. Ba a banza marubuciyar ta kawo shi ba. Shi ne madubin da Francis zai duba ya ga kansa bayan shekara talatin, mutumin da ya kasa abin da ya kawo shi, kunya kuma ta hana shi komawa gida.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne auren kansa. Tun a Ikko Adah ke ciyad da gida, amma can abin bai zama rigima ba, domin iyayen Francis na nan, su ke yanke shawara, su ke tsawata masa, girmansa na ɗa namiji kuma ba mai taɓa shi. Da suka ƙetare teku duk wannan shinge ya faɗi, aka bar mutum biyu cikin ɗaki guda, ɗaya na fita aiki, ɗaya na faɗuwa jarrabawa shekara bayan shekara. Francis ya rasa inda zai nuna shi ne mai gida sai a jikin matarsa. Ya riƙa dukanta, yana neman mata a waje, yana ƙirga albashinta kamar nasa. Da ta haihu ta uku, aka yi mata aiki, tana kwance asibiti cikin rigar asibiti, sauran mata kuwa mazansu na kawo musu furanni da rigunan barci, shi da ya zo maganar kuɗin karatunsa ya kawo. Da ta je neman abin da zai ba ta hutu tsakanin haihuwa da haihuwa, ba da saninsa ba, ya gane, ya tara mutanen gida ya tona mata asiri. Da ta rubuta littafinta na farko cikin littattafan rubutu na 'yan makaranta, ta ba shi ya karanta, sai ya ƙone shi. Nan ta kwashe 'ya'yanta ta fita. A gaban alƙali ya ce ba aure tsakaninsu, gama ya riga ya ƙone takardar auren da takardun haihuwar yaran. Adah ta ce ta ɗauki nauyin 'ya'yanta ita kaɗai.

Abin da littafin ke koyarwa a nan ya wuce labarin mugun miji. Aure a gida mutane da yawa ke riƙe da shi, ko da ma'auratan ba su lura ba. Akwai wanda za a kai wa ƙara, akwai gidan da mace za ta yi yaji ta je, akwai idon jama'a da ke sa namiji ya ji kunya. A baƙuwar ƙasa duk aikin da dangi ke yi ya komo kan miji da mata, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. In ba su sake raba aikin gida da na waje tsakaninsu ba, in miji ya ce shi sai yadda a ke yi a gida alhali gidan ba ya nan, to, ko albashi ya kai nawa zama ba zai yiwu ba. Turawan da suka hana su ɗaki sun cuce su ƙwarai, amma Adah ta jure wannan. Abin da ta kasa jurewa a cikin ɗakinta ya ke.

Amma fa littafin yana da aibi, ba kuwa daidai ba ne a ɓoye shi. Babban aibinsa shi ne ba a ba Francis bakin magana ba. Daga farko har ƙarshe ta idon Adah mu ke ganinsa, rago, matsoraci, mai son kansa. Har sa'ad da ya sami aikin raba wasiƙu lokacin Kirsimati, yana kukan nauyin jaka da tsoron karnukan Turawa, an kawo abin ne don a yi masa dariya. Ba wanda zai ce a wanke mai dukan matarsa. Duk da haka mai karatu yana so ya san abin da ke cikin zuciyar saurayin da iyaye da gari suka sa wa ido ya komo da takardar akanta, ya faɗi jarrabawa sau da yawa, ya san kuma kowa ya san matarsa ke ciyad da shi. Da an buɗe mana wannan ƙofa ko sau ɗaya, da labarin ya fi haka nauyi, da kuma maza masu karatu sun fi ganin kansu a ciki, maimakon kowa ya ce ai ni ban kai Francis ba. Alƙali ba ya yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya. Littafin nan shaidar mai ƙara ce, shaida mai ƙarfi, sai a karanta shi a kan haka.

Aibi na biyu, Adah da ke kukan an mai da ita bora, ita ma tana da waɗanda ta raina. Abin da ya fara ɓata mata rai a gidan hayar nan shi ne an haɗa ta zama da mutanen da, a ganinta, a Ikko ba su wuce barorinta ba. Matan nan masu ɗinkin riguna su ma baƙi ne, sanyin da ke dukanta shi ke dukansu, watakila kuma ba don ƙeta suka ba da 'ya'yansu riƙo ba sai don ba su da wata dabara. Marubuciyar ba ta ɓoye laifofin Adah ba, ta faɗi maganar sule biyu, ta faɗi yadda ta sa hannun mijinta a takardar asibiti da ƙarya, amma wannan girman kai ba ta tsaya ta auna shi ba. Haka kuma ta kan yi wa kabila guda, ko mazan Afirka duka, kuɗin goro saboda halin mutum ɗaya. Ƙarshen labarin kuma ya zo da gaggawa, kamar wadda aka kira tana tsakiyar magana. Wanda ke son jin yadda Adah ta ƙare da yaran sai ya nemi In the Ditch, wanda ya riga wannan fitowa, a 1972, ko da ya ke labarinsa a bayan wannan ya ke.

Game da harshe, Turancin littafin mai sauƙi ne, jimlolinsa gajeru, kamar mace na ba 'yar'uwarta labari a tsakar gida. Wani wuri ta kan maimaita abin da ta riga ta faɗa, wani wuri ta yi bayanin abin da mai karatu ya riga ya gane. Masu son ado cikin rubutu sun ga wannan kasawa ce. Amma wadda ta rubuta shi tana da aiki da karatu da 'ya'ya biyar, sauƙin nan kuwa shi ya sa wanda bai yi nisa da Turanci ba zai iya bin labarin har ƙarshe ba tare da ya gaji ba.

Kada wani ya ce wannan labarin dā ne. Dokokin Ingila sun sake, ba mai rubuta sanarwar ƙin baƙar fata a ƙofar gidansa yanzu ya kwana lafiya, amma tsarin da ya kai Adah da Francis bai ɓace ba. A 2022 an ba iyalan ɗalibai 'yan Nijeriya fiye da 60,000 izinin shiga Ingila, ba ƙasar da ta kai wannan yawa a shekarar. Doka ta yarda ɗalibin jami'a ya yi aikin awa 20 kaɗai a mako lokacin karatu, abokin aurensa kuwa yana iya aiki cikakke, saboda haka sau da yawa ɗaya ke karatu ɗaya na ciyad da gida, wani lokaci mijin, wani lokaci matar. Daga Janairu na 2024 hukumar Ingila ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, sai masu karatun bincike mai zurfi da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Waɗanda suka riga suka shiga, da masu tafiya waɗansu ƙasashe, tambayoyin da ke gabansu su ne na littafin nan. Wa zai duba yara? Kuɗin wa a ke ci, wa kuma ke da iko da su? In rai ya ɓaci, wa za a kai wa ƙara?

Saboda haka duk mai niyyar ɗaukar iyalinsa zuwa wata ƙasa, da duk wadda za ta bi miji, da iyayen da za su sallame su, ya kamata su san abin da ke cikin wannan littafi tun ba a ɗaure kaya ba. Wanda ya iya Turanci ya karanta, ya ba wanda bai iya ba labari. In da hali miji da mata su karanta shi tare, in sun zo inda Francis ya yi shiru su tsaya, kowa ya faɗi abin da ya ke tsammani ke cikin ransa, sa'an nan su ci gaba.